Shafi na Goma Sha Bakwai

Shekara ashirin da biyu ina riƙe da na'urar sauti a ƙaramin gidan rediyon garinmu, a bakin tekun Fotugal, ban taɓa ganin Honório, mai gidan rediyon, ya shigo ɗakin watsa shiri da kansa ba sai ranar wata Talata. Saura minti biyar Graciete ta fara shirinta na hantsi, ya dangwara mata takarda a gaba.

"Wannan za ki karanta. Hukumar Tarayyar Turai da ke Brussels za ta hana ƙananan jiragen kamun kifi fita. Ki ɗaga murya, a ji zafi."

Graciete ta duba takardar, ta zaro wani kundi daga jakarta. Daftarin dokar ne, kwana uku ta yi tana binsa layi-layi.

"Maigida, ba haka aka rubuta ba. Shafi na goma sha bakwai manyan jirage masu jan taru a ƙasan teku ya ambata. Irin na surukinka."

"Wa ya tambaye ki? Duk garin nan wa zai karanta shafi tamanin?"

"Ai shi ya sa suke kunna rediyo."

Ya juyo gare ni. "Albano, in ta kauce, yanke mata murya."

Jar fitilar fara shiri ta kama. Graciete ta gaida masu sauraro, ta ture takardarsa gefe, ta karanta shafin daga farko har ƙarshe, sannan ta yi bayaninsa da bakin 'yan kasuwa. Honório ya matse mini kafaɗa har na ji zafi. Na harɗe hannuwana a ƙirji.

"Yanke, na ce!"

"Ranka ya daɗe, ga na'urar nan. In ka san maɓallin, danna."

Bai sani ba. Wayoyin masu sauraro suka fara shigowa. Custódio, tsohon masunci, ya ce in dai masu kwashe ƙasan teku za a hana, to a sa hannu yau. Sai Idalina mai sayar da kifin sardin ta shigo layi da faɗa.

"'Yar nan, kar ki ruɗe mu! An ce kowane kwandon kifi sai an auna an rubuta a waya. Mijina ko saƙo bai iya turawa ba."

Graciete ta buɗe kundin, ta nemo wurin. "Gaskiyarki, Inna. Yana shafi na arba'in da ɗaya, kuma ni ma ban ga yadda zai yiwu ba. Bari in karanta muku."

Awa guda aka yi ana musu, wasu na so, wasu na ƙi, amma kowa a kan abin da aka rubuta yake magana. Da aka rufe shirin, Honório ya ce mu kwashe kayanmu, mu biyun.

Ranar Asabar Idalina ta share mana wuri kusa da teburinta a kasuwar kifi. Na haɗa lasifika, Graciete ta hau akwati ta ci gaba daga shafi na arba'in da biyu. Kafin azahar mutum ɗari da tara sun sa hannu a wasiƙa zuwa ga wakilan yankinmu a majalisar Turai: a bar shafi na goma sha bakwai yadda yake, a gyara na arba'in da ɗaya. Custódio ya ƙi sa hannu, wai wasiƙar ta yi laushi da yawa. Ya tafi ya rubuta tasa.