Mataki na Goma Sha Ɗaya

Su uku ne a ɗakin saman bene: wani kafinta, da yayarsa da ake kira Gwaggo, da 'yarsa mai shekara bakwai, 'Yar Baba. Uwar yarinyar ta rasu tun tana goye, ita kuma yarinyar ƙafafunta ba su taɓa ɗaukarta ba. Baba ne ƙafafunta. Da safe ya sauko da ita matakala ashirin da biyu ya kai ta makaranta, da yamma ya hau da ita tana ƙirgawa a bayan kunnensa. Buhun ƙusa yake kiranta, don tsokana.

Bayan ciwon zuciya ya kwantar da shi, likita ya ɗora shi kan wata ƙwaya mai rage kitse a jini. Ba a yi wata biyu ba cinyoyinsa da kafaɗunsa suka fara tsami, kamar wanda aka yi wa duka. Bai gaya wa kowa ba. Sai dai ya riƙa tsayawa a mataki na goma sha ɗaya, wai zai ɗaure takalmi, alhali silifa ce a ƙafarsa. Yarinyar tana jin bayansa yana rawa.

Ta yi nata tunanin: buhun ƙusa ya yi nauyi. Daga nan ta fara ɓoye abincinta a jakar makaranta. Sai da ta rame Gwaggo ta tsinci burodin kwana shida ya yi funfuna, ta tsare ta da tambaya a gaban ubanta.

"Don kada in karya Baba ne," in ji ta.

Baba ya ajiye cokali, bai ƙara ci ba.

Washegari ya koma asibiti. Likita ya ce ƙwayar takan yi wa wasu haka, ya yi masa faɗan shirun da ya yi, ya canza masa wata, ya gargaɗe shi kada ya daina sha. Ciwon ya ragu, amma bai tafi duka ba. Baba ya ƙera ɗan benci a mataki na goma sha ɗaya, suka riƙa hutawa a kai. A nan ya nuna mata ƙwayar a tafin hannunsa.

"Ga mai nauyin, uwata. Ba ke ba ce."

Ta ce to ya zubar da ita mana. Ya ce idan ya zubar, wa zai goya ta baɗi?

Ranar ta gane cewa Baba yana shan ciwon ne don kada ya tafi ya bar ta.