Duwatsu Tara a Buhun Masara

Martina ta duba bayan ƙofar kicin, ta duba sito, ta leƙa ƙarƙashin tebur. Buhun ba ya nan.

"Baba, ina masarar da na zo da ita jiya?"

Malam Kefas yana baranda yana ɗaure ƙafar tabaraunsa da zare. Bai ɗago ba.

"Mamanki ta tafi da ita niƙa. Ta ce a bar ki ki yi barci."

"Wane inji?"

"Na Uzodinma mana, a Sabon Gari. Kin san ta ce injinan Samaru tsaki suke yi, ba gari ba."

Martina ta kira lambar Mama. Wayar ta yi ƙara a falo, a kan talabijin.

"Baba, akwai duwatsu a buhun nan."

"Wace masara ce ba ta da tsakuwa?"

"Nawa ne. Ni na saka su."

Sai yanzu ya ɗago. "An kai ki har ƙasar waje karatu, kin dawo kina zuba wa mutane dutse a abinci."

Ta zura takalmi ta fita.

Bas ɗin da ta samu a bakin titi bai cika ba, direba na tsayawa duk inda ya hangi mutum. Ta zauna gefen taga, hannunta a kan littafin aikinta.

Ilimin duwatsu take koyarwa a jami'a. Kwana biyar ta yi a wani ramin haƙar dalma a Taraba. Da tsanin katako ake sauka, mita sittin, sannan a yi rarrafe da fitila a goshi, ruwa har gwiwa. Su mahaƙan, dalma suke nema. Fulorayit, dutsen da ya kai ta can, shara ne a wurinsu. Suna ce masa magi, saboda yana fitowa da kusurwoyi kamar an yanka shi.

Wani tsohon mahaƙi, Othniel, shi ya nuna mata ƙananan koguna a jikin bango, cike da laka. Da bakin cokali ta riƙa tono, tana lalube da yatsa har ta ji kaifin kusurwa. Guda tara ta ciro daga wurare tara. Ba ta wanke ko ɗaya ba, don lakar tana kare su. Ta naɗe kowanne a takardar jarida, ta rubuta lamba a kai da jan biro, ta rubuta lambar a littafi tare da zurfin wurin.

Othniel ne ya ce ta binne su a hatsi. Dutsen ba shi da tauri, wuƙa ma tana karce shi, hanyar kuma duk ramuka ce. Washegarin tahowarta za a fasa wannan ɓangaren da nakiya. Babu komawa.

A Kwangila aka tsaya sauke wata mata da kaji. Martina ta rufe ido, ta ga haƙoran inji.

Tun daga bakin layin ta ji ƙarar. Uzodinma yana tsaye kan benci yana juye kwano a bakin injin, gashin girarsa fari fat da gari. A ƙasa, buhunta ne a yashe, babu komai ciki.

"Kashe! Oga Uzo, kashe!"

Ya kashe. Belin injin ya yi ta juyawa kafin ya tsaya.

"Malama, wa ya mutu?"

"Masarar wa ke ciki?"

"Ta Mama. Kwanon ƙarshe ke nan."

"Ke, daina yi wa mutane ihu a wurin sana'arsu."

Mama Winifred ce, zaune a inuwar bango, faifai a cinya. Shekara talatin da biyar ta yi tana koyarwa a firamare, har yanzu muryar ba ta sauka ba.

"Mama, duwatsuna."

"Tun kafin a haife ki nake kawo niƙa nan. Uzo, na taɓa ba ka hatsin da ban tsince ba?"

"Ko sau ɗaya, Mama. Da kowa haka yake, da ban san mai gyaran inji ba."

Mama ta janye zanen da ta rufe wata roba da shi.

Martina ta durƙusa. A cikin rami ba ta ga komai ba sai curin laka. Yanzu ga su tara, a wanke tas. Wasu shunayya, wasu kore kamar kwalbar lemo. Babban cikinsu ya kai girman dunƙulen hannu, kusurwa kan kusurwa, ciki shunayya, gefuna garau kamar ruwa. Ta ɗaga shi ta juya. Babu inda ya ɓantare.

"Da wane ruwa kika wanke su?"

"Na famfo."

"Ba mai zafi ba? Zafi yana tsaga su."

"Ina zan samu ruwan zafi a kasuwa?"

Martina ta yi dariya, ta zauna daɓas a ƙasa. Sannan dariyar ta tsaya.

"Ina takardun?"

"Na ba Nwamaka. Takarda mai kyau, a zubar?"

Nwamaka matar Uzodinma ce, tana suyar ƙosai a bakin shagon. Martina ta isa daidai lokacin da take miƙa hannu ga wata takarda mai jan rubutu.

"Anti, tsaya! Nawa suka rage?"

Suka ƙirga. Shida. Uku sun tafi da ƙosai, ɗaya da wani soja daga Basawa, biyu Nwamaka ba ta tuna ba.

Martina ta dawo ta shimfiɗa shidan a kan buhu. Ɗaya, uku, huɗu, shida, bakwai, tara. Ta dubi takardun, ta dubi robar.

"Ba su da amfani yanzu, Mama. Ban san wanne ne na wace takarda ba. Da laka na gan su. Dutsen da ba a san inda ya fito ba, ado ne kawai."

"Miƙo nan."

Mama ta sa tabarau. Ba ta dubi lambobin ba, labaran ta duba.

"Wannan mai maganar farashin taki, koren nan ne a ciki, mai tsaga. Na karanta ta har ƙasa, ƙarya ce zalla. Wannan mai hoton 'yan ƙwallo, ƙaramin nan. Wannan ta rasuwar wani dattijo, Allah ya ji ƙansa, tagwayen nan da suka manne."

"Kin tabbata?"

"Yara saba'in nake riƙewa a aji, na san wanda ya zo da fensir da wanda ya sata."

Martina ta buɗe littafinta. A gaban lamba huɗu ta rubuta tun a rami: kamar biyu ne a haɗe. Ta duba takardar rasuwar. Huɗu.

Ba ta sake tambaya ba. Mama na faɗa, Martina na naɗewa. Uzodinma ya tayar da inji ya ƙarasa niƙan. Nwamaka ta aiko musu da ƙosai a leda.

Uku suka rage a robar, har da babban.

"Waɗannan fa?" in ji Martina. "Kin tuna?"

"Na tuna takardunsu sarai. Ɗaya tallan siminti ce. Amma lambar ban duba ba. Na ɗauka farashi ne."

Biyu, biyar, takwas. Martina ta karanta abin da ta rubuta a gabansu. A gaban biyar da takwas duk ta rubuta: babba. Zuciyarta ta fi karkata ga takwas, can ƙasa inda ruwa ya kai mata ƙugu. In ta rubuta takwas, babu mai tambayarta. Ta daɗe riƙe da biron, sannan ta mayar da murfinsa.

"Waɗannan ba za su shiga ofis ba."

"Don me? Wannan ai ya fi duka kyau."

"Ban san inda ya fito ba."

"Daga buhuna ya fito," in ji Mama.

Ta kwashe ukun ta ƙulle a bakin zane, ta ce za su zauna a kabad kusa da kofunan baƙi. Ta miƙe tana dafa bango, ta nuna wa Martina buhun garin da haɓa.

"Ɗauki mu tafi. Kuma in za ki sake shiga ramin naki, ki sa su cikin dawa. Babanki ba ya son tuwon masara."