Batir Mai Yawo

Tun da suka fito daga gida a Doka, Bara'atu ta lura Baba Sabo bai kunna rediyo ba. Mutumin da kafin ya ɗaura bel sai ya murɗo labaran safe, yau hannuwansa biyu na kan sitiyari kamar mai koyon tuƙi.

Ta san dalili. Shekaranjiya esin motar, mai sanyaya iska, ya ɗauke a cunkoson Babbar Kasuwa, ana dawo da kakarta daga asibiti, rana tsaka. Kafin su iso gida tsohuwar ta jiƙe sharkaf, numfashinta na fita da ƙyar. Ba ranar aka fara ba. In mota na gudu sanyi ya zo, in ta tsaya ya tafi. An ƙara gas, ba a ga canji ba. Shi ne da safen nan Abba ya kira ta, a gaban Baba Sabo ya ce, "Ki bi shi wurin mai gyara, ki ji da kunnenki. In lalacewar mota ce, shi ke nan. In kuwa da hannun mutum a ciki, Sabo ya ajiye mini makullina."

Baba Sabo direbansu ne tun tana firamare. Shi ya kai ta jami'a a Zariya, ya ɗauki akwatinta a ka har ƙofar ɗakin kwana. Yanzu ita aka sa ta zama kunnen Abba a kansa.

Nuraddeen mai gyaran wayar mota yana ƙarƙashin wata rumfar kwano a Rafin Guza. Yana ganinsu ya washe baki.

"Baba, yau da sufeto aka haɗo ka?"

"'Yata ce. Yi aikinka, sarkin surutu."

"Hajiya ƙarama, ga benci. Kar ki damu, baƙin da ke jikinsa ya bushe tun bara."

Ta zauna a gefen bencin, ta rungume jakarta. Nuraddeen ya ɗaga bonet, ya sa Baba Sabo ya tada mota ya kunna esi. Aka ji ƙas, iska ta fara sanyi. Jim kaɗan aka sake jin ƙas.

"Kun ji? Kwamfreso ne, mai tura gas ɗin. Ya kama, ya saki. Gas ɗinku lafiya lau. Mutanenmu da esi ya yi tari sai su ce gas. Wannan yunwar wuta yake ji."

Ya ɗauko mitarsa mai wayoyi biyu, ja da baƙa. Ya bi fis-fis ɗin ɗaya bayan ɗaya, duk suna raye. Ya matsa wurin altaneta, yana cewa ita ce ke cajin batir, kuma takan mutu ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Bara'atu ta miƙe ba ta sani ba. A ranta tana cewa, Allah ya sa ita ce, Allah ya sa ita ce.

"Wannan tana aikinta," in ji Nuraddeen.

Ta koma ta zauna.

"Baba, kunna fitilu. Ƙure fanka." Nuraddeen ya ɗora wayar mitar a kan batir, ɗan ƙarfen da wuta ke fitowa, ya duba. Ya matsar da ita kaɗan zuwa ƙarfen da ke riƙe da kan, ya sake dubawa, ya yi tsaki. "A nan wuta ta cika. A nan kuma ta ragu. Tsakanin nan da nan ko yatsa ba zai shiga ba, amma a nan take ɓacewa. In mota ta tsaya a cunkoso caji ya yi ƙasa, abin da ya rage ba ya isa, sai kwamfutar motar ta yanke esi."

Ya sa aka kashe mota. Ya kama ƙarfen da hannu, ko sufana bai ɗauka ba, ya murɗa, sai ga shi ya fito. A ƙarƙashinsa akwai yankin gwangwanin madara da aka naɗe, duk ya yi farin gari.

Bara'atu ta gane. Ta sha hangowa ta taga da sassafe, Baba Sabo rungume da batir a ƙirji yana tsallaka layi zuwa ƙofar Malam Hamisu, malamin Islamiyyar da tsohuwar motarsa ba ta tashi sai da aro. Kowa a layin yana yi wa kowa haka. Amma Abba ya hana tun ranar da aka sayo motar. Ita kuwa ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

"Batirin nan yawo yake yi," Nuraddeen ya ce yana dariya. "Cire, mayar, cire, mayar, har bakin ya buɗe aka cusa masa gwangwani. Baba, zance kake tura shi?"

Baba Sabo bai yi dariya ba. "Maƙwabci ne. Ya tsaya maka a ƙofa, me za ka ce masa?"

Bara'atu ta shirya maganar a ranta: Malam Nuraddeen, don Allah in an tambaye ka, ka ce kan batir ne ya saki kawai. Ai ba ƙarya ba ce. Ta maimaita ta, ta gyara ta. Ta buɗe baki, ya juya neman abin goge hannu, ta rufe. Bari ya juyo tukuna.

Wayarta ta yi ƙara. Abba.

"An gano?"

"E, Abba. Kan batir ne. Ya saki."

"Haka kawai ya saki? Ba ni mai gyaran."

Ta miƙa wa Nuraddeen wayar tana neman idonsa. Shi kuwa yana can yana goge yatsu a wando, ya karɓa ya maƙale ta a kafaɗa.

"Ranka ya daɗe! Wallahi ƙaramin abu ne, yanzu zan canza kan, sanyi har sai Hajiya ta nemi bargo. Kawai dai a daina ba da aron batirin, shi ya jawo." Ya yi shiru yana sauraro. Murmushin ya bar fuskarsa a hankali. "A'a, Alhaji, ni ba haka nake nufi ba. Ai kowa yana yi, ko ni nan..." Abba ya katse shi. Nuraddeen ya kalli Bara'atu, sai yanzu.

Baba Sabo ya leƙa cikin motar, ya zare carbinsa daga jikin sandar giya. Ya buɗe but ɗin baya ya ɗauki dardumarsa, ya naɗe ta a hammata. Ya cire makullin, ya ajiye a kan kujerar direba, ya tura ƙofar a hankali har ta kama.

"Baba," in ji Bara'atu, amma muryar ba ta wuce rumfar ba.

Ya raɓa ta gefen kwata, ya ratsa tsakanin Keke Napep biyu, ya bi layin da ke fita titi.