Hannun Ƙarfen Yaya

Bari in faɗi laifina da bakina kafin wani ya riga ni: ba na iya hawa benen ofishinmu a numfashi ɗaya. Matakala hamsin da huɗu ce, kuma sau biyu nake tsayawa a hanya. Don kada yaran ofis su gane tsufa ne ya fara leƙo ni, sai na ƙirƙiro dabara. Tun daga bakin get nake kara waya a kunne, in haɗe rai, ina cewa, "To, to, na ji." Idan Baba Maigadi ya ɗaga mini hannu, in nuna masa wayar in wuce. Idan na tsaya a hawa na ɗaya ina haki, duk wanda ya gan ni ya san mutum ne mai muhimmiyar magana. Ba kowa a layin. Shekara uku ina wannan kiran, kuma shi kaɗai ne hirar da ba a taɓa yi mini musu a cikinta ba.

Kamfaninmu ƙarami ne. Muna ƙera sandunan dogarawa, kekunan guragu da kujerun wanka na tsofaffi. Wurin ƙirar yana can bayan gari, ofis kuwa yana hawa na uku. Ni ne mai binciken kasuwa, wato mutumin da ake biya ya tambayi jama'a abin da suke so, ya dawo ya rubuta abin da Manaja yake so.

Yayata tela ce. Shekara talatin tana ɗinki a ɗan shagon da ke jikin gidanta. Ita ta goya ni, shi ya sa ga furfura ga tumbi, ga shekara hamsin da ɗaya, amma har gobe Auta take ce mini. Bara ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Ƙafar ta dawo rabi da rabi, tana jan ta da sanda. Hannun ya ƙi. Bakinta ne kawai ciwon bai taɓa ba, da alama shi ma tsoro ya ji.

Wata Asabar na je gaishe ta, na tarar da babban ɗanta a cikin shagon yana auna bango da tef.

"Kawu, sannu da zuwa," ya ce. "Don Allah ka sa baki. Ƙarshen wata zan kwashe kayan nan in zuba na waya. Ita ta huta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka."

Yaya tana zaune a gaban kekenta, ta ɗora hannun hagun a cinya kamar jaririn da ya yi barci.

"Ni jinka na ce maka zan ɗauka?" ta ce. "Ɗinki na ce."

"Mama, jiya kin gwada, yadin ya zame, allura ta karye."

"Allurarka ce?"

Ya dube ni, ni kuma na dubi silin. Ba mugun yaro ba ne. Shi yake kai ta asibiti, shi yake ɗaga ta idan ta faɗi. Amma na san Yaya. Ranar da aka fitar da keken nan daga shagon, ranar za ta fara tsufa.

Ta juyo kaina. "Kai kuma, Auta, ba a wajen masu ƙera wa guragu kaya kake aiki ba? Ko shayi kake zuwa sha?"

Abin kunyar shi ne, akwai abin da take buƙata, kuma na san inda yake. Injiniyarmu, wata mata mai ƙarancin magana da yawan tabon wuta a yatsu, ta taɓa ƙera wani hannun ƙarfe. Ana ɗaure shi a teburin keken ɗinki, yana danne yadi da bakinsa na roba yana riƙe shi a miƙe, mai ɗinki kuma ya ɗaga shi ko ya sauke shi da gwiwa. Sau biyu muka sa ranar gwaji. Muka liƙa takardu a asibiti, muka jera kujeru a ofis, muka dafa shayi. Ko mutum ɗaya bai shigo ba. Ni da hannuna na rubuta rahoto mai shafi goma sha shida, wanda ƙarshensa kalma biyu ce: babu kasuwa. Tun daga nan hannun yake kwance a sito, ƙarƙashin tsofaffin kalandu.

Ranar Litinin na shiga wurin Manaja.

"Ranka ya daɗe, ina so a sake gwada hannun nan."

Ya jawo durowa, ya fito da rahotona, ya buɗe shafin ƙarshe ya juyo mini da shi. "Wane ne wannan ya sa hannu?"

"Wani ne da bai san aikinsa ba."

"To ai shi ne a gabana." Ya cire tabarau. "Na ji labarin yayarka, Allah ya ba ta lafiya. Amma wannan na sito na gwaji ne, bai dace da kowane keke ba. Kafin a ƙera na gaske sai an yi odar kaya, kuma ba ma yin oda don mutum ɗaya, ko da uwata ce. Kawo mini mutum ashirin su gwada da jikinsu kafin ƙarshen wata. In ba su zo ba, a ba masu gwangwan shi, mu samu wuri a sito."

Na ce na ji, kuma a karon nan da gaske akwai wanda nake ce wa.

Ban taɓa aiki irin na waɗannan makonni uku ba. Matata har ta taɓa goshina ta ji ko zazzaɓi ne. Na daina liƙa takarda a bango in koma ofis in jira. Na je ɗakin gashin ƙashi na asibiti na zauna a benci tare da masu jiran layi. Wannan ta haɗa ni da wancan, wancan ya kwatanta mini gidan wani. Na shiga lunguna da ban san akwai su ba, na tsallake kwatoci, kare ya bi ni sau biyu, kuma a nan na gano ashe ina iya gudu idan dalili ya yi ƙarfi.

Ina ɗauke da takardar tambayoyi guda arba'in da biyu. Wani dattijo mai ɗinkin kujerun mota, wanda inji ya cinye masa hannu tun yana saurayi, ya saurare ni har tambaya ta tara.

"Daga ɗaya zuwa biyar, Baba, yaya kake jin gamsuwa da yadda kake aiki?"

"Ɗana," ya ce, "da haƙori nake riƙe fata. Kai ka zaɓa mini lamba."

Na ninke takardar na sa a aljihu. Daga ranar tambaya ɗaya nake yi: nuna mini yadda kake yi. Na ga mai danne yadi da bulo, na ga mai riƙewa da haɓa, na ga wata da ta rufe kekenta da zani ta ɗora masa tukunyar fure don kada ta riƙa ganinsa. Duk na rubuta. Da yamma in kai wa Injiniya, ita kuma ta karanta, ta ɗauki sukundireba.

Mutum talatin da ɗaya suka yi mini alkawari. Na ba kowa kwatance: ranar Alhamis, ƙarfe goma, ofishinmu.

Ranar na riga kowa zuwa. Na kara wayata, na wuce Baba Maigadi, na huta sau biyu, na jera kujeru. Injiniya ta ɗaura hannun a tsohon keken da muke gwaji da shi. Goma ta yi. Goma da rabi. Shayin ya huce. Manaja ya leƙo, ya dubi kujerun, ya dubi agogo, ya juya ya koma, wanda ya fi zagi ciwo. Na fara tsara yadda zan kalli Yaya ranar da za a fitar da kekenta.

Sha ɗaya saura, wayata ta yi ƙara. Har na tsorata, don ba ta saba ba.

"Auta," muryar Yaya ce. "Kana ina?"

"Ina ofis ina jiran ku, Yaya. Ba wanda ya zo."

"Leƙo ta taga."

Tagoginmu duk bayan gini suke kallo, sai guda ɗaya, ita kuma tana bayan durowar fayiloli. Na ture durowar, na daki tagar har ta buɗe, ƙura ta zubo mini a ka. Na leƙa ƙasa.

Farfajiyar ta cika. Kekunan guragu, sanduna, masu zama a kan dakali, masu jingina da motar Manaja. Dattijon kujerun mota yana fifita da hularsa. A tsakiyarsu Yaya, waya a kunne, ta ɗaga sandarta tana nuna ni kamar ta kama ɓarawo a kan katanga.

"Da fuka-fuki kake so mu hau?" ta ce. "Ko lif ɗin naku a aljihunka yake?"

Ba mu da lif. Shekara tara muna sayar da kekunan guragu daga hawa na uku.

Ban tsaya jin kunya ba, na bar ta sai an tashi aiki. Na ce wa Injiniya, "Kama can." Na kira ɗan Yaya, wanda shi ya kawo ta a mota, ya hauro da gudu. Keken nan na baƙin ƙarfe ne, irin wanda ake gada. Mu uku muka ɗauke shi da teburinsa, ni ina gaba ina tafiya da baya. Sau biyar na tsaya, a fili, ba waya ba komai, ina haki kamar tsohon janareto. A kwanar ƙarshe ƙarfen bene ya kama rigata ya farka ta daga hamata har ƙugu.

Muka ajiye shi a inuwar rumfar motoci. Manaja ya sauko a bayanmu, hannu a aljihu.

Yaya ta fara zama. Ta sa ƙyalle, ta sauke hannun da gwiwa, ta taka. Ɗinkin ya tafi a karkace kamar hanyar maye. Ɗanta ya sunkuyar da kai.

"Ke 'yar nan," ta ce wa Injiniya, "wa ya ce miki danne yadi ake yi? Lallaɓa shi ake yi. Wannan robar taki kama shi take kamar ɗan sanda. Sassauta."

Injiniya ta durƙusa ta sassauta.

"Ƙara. Yanzu matso da shi kusa da allura, yatsa biyu. Nawa yatsun, ba naki ba."

Ta sake takawa. Ya fi, amma ya tattare a ƙarshe. Ta sa aka naɗe robar da ƙyallen atamfa don yadi ya riƙa zamewa a hankali. Masu kallo suka matso, kowa da shawararsa, dattijon yana cewa na fata sai an ƙara masa nauyi. Injiniya tana rubutawa a bayan hannunta don takarda ta ƙare.

Sai Yaya ta dube ni sama da ƙasa. "Cire rigar."

"Yaya, a gaban mutane?"

"Wane dare ne jemage bai gani ba? Ni na yi maka wanka. Cire."

Haka na tsaya da singileti da tumbina a gaban mutum ashirin da bakwai da na yi mako uku ina nuna musu ni babban ma'aikaci ne. Ta haɗa bakin yagar da hannun dama, ta sauke ƙarfen, ta taka. Keken ya ɗauki wannan ƙarar da na taso ina ji ta cikin barci. Ba ta tsaya ba sai da ta kai ƙugu. Ta yanke zaren da haƙori, ta jefa wa ɗanta rigar.

"Duba. In ka ga karkata, kwashe shagon yau."

Ya bi ɗinkin da yatsa daga sama har ƙasa. Ya daɗe. Sannan ya ce, "Teburin naki na shago yana rawa, Mama. Zan kawo kafinta ranar Asabar."

"Ka zo da tef ɗinka ka auna," ta ce.

Kowa ya gwada. Wasu ya yi musu, wasu sai an sake gyara. Manaja ya sa hannu a takardar oda a kan bonet ɗin motarsa, ya ce na Yaya ne na farko, kuma daga yau a nan ƙasa za a riƙa gwaji. Har ya dafa kafaɗata, wadda a lokacin ba riga a kanta.

Da yamma na sauko ina jin kaina kamar wanda ya gano wata sabuwar ƙasa. Na riga na tsara sunan rahoton da zan rubuta a kan wannan babban bincike nawa. Na tsaya a wurin Baba Maigadi, ina so ko shi ne ya yaba mini.

"Baba, ka ga jama'a yau? Shekara biyu ana neman su, sai da na shiga lungu-lungu na zaƙulo su."

"Na gani, ranka ya daɗe. Ai wancan karon ma sun zo."

"Wane karon?"

"Duka biyun." Ya jawo littafin get, ya lashi yatsa, ya buɗe. "Na farko mutum sha tara. Na biyu ashirin da huɗu. Suka zauna a nan har rana ta take, suka tafi. Ni gwiwata ba ta hawa bene, kuma ba na barin get."

"To me ya hana ka faɗa mini?"

"Kullum da safe sai na ɗaga maka hannu," ya ce. "Kana kan waya."

Ba kowa a layin.