Gonar da Inna Gambo Ta Bari

Luba tana tsaka da sheƙe gero ta ji babur ya tsaya a ƙofar gidan Inna Gambo. Aka kashe shi, ba wanda ya yi sallama. Ta tsaya da ƙwarya a sama tana saurare. Katanga ɗaya ce tsakaninta da tsohuwar, shekara ashirin da shida, ko tari Inna ta yi sai ta ji. Can sai ga Saudatu, maƙwabciyarsu ta gidan gaba, ta shigo mayafi a hannu.

"Luba, aje ƙwaryar nan. Inna ta cika. Ko asibitin Anka ba su kai ba, bisa hanya ta cika."

Luba ta aje. Kuka bai zo mata ba a lokacin. Abin da ya fara faɗo mata a rai, Allah ya yafe mata, maganar ranar Talata ce. Ta dubi Saudatu, Saudatu ta kau da kai.

Ranar Talatar, kwana biyar kafin nan, Inna ta buga katanga da muciya, yadda ta saba kiranta. Luba ta shiga ta tarar da Saudatu zaune bakin gado, ga Malam Haris durƙushe a ƙofar ɗaki. Haris Bafulatani ne, dattijo, shi ke kiwon shanun Inna tun mijinta yana da rai. Duk wata yakan zo ya faɗa mata wadda ta haihu da wadda ta rame. Amma tun da rikici ya yi tsanani tsakanin gari da daji, Fulani suka daina shigowa kasuwa, sai ya riƙa biyowa ta bayan gari, ya shigo ta inda danga ta faɗi.

"Ku ji da kunnuwanku," in ji Inna, tana numfashi da ƙyar. "Gonata ta bakin gulbi, in na mutu, ta ƙungiya ta. A noma ta a ciyar da ɗiyan nan. Kada a tona ta. Kun jiya?"

Kowa ya san ɗiyan da take nufi. Shekarar da maza suka riƙa kawo dutsen zinari cikin gida ana niƙawa, gubar dalma ta kashe yara ba iyaka a garin. Jikokin Inna biyu, 'ya'yan ɗanta Surajo, mako guda suka tafi. Waɗanda suka rayu yanzu sun zama samari da 'yan mata, amma wasunsu ba su magana, wasu sai an ba su abinci a baki. Matan gari suka haɗa ƙungiya suna dafa musu koko da tuwo a wata rumfa bayan masallaci, kowace ta kawo abin da ta samu.

"Inna, a kira Liman mana ya rubuta," in ji Luba.

"In anka kira Liman, kahin la'asar Surajo ya ji. Ba ni son ya zo ya tsaya kaina shina huci ina wanga hali. Ga namiji guda, ga mata biyu, shaida ta cika. Ni ma na zauna makaranta, Luba, ba ke ɗai ba."

"Ni wace makaranta, Inna?"

"To shi ya sa nika hwaɗa miki."

Har Haris sai da ya yi dariya. Ya ce, "Na ji, Inna. Allah ya ba da lahiya." Ya ɗauki sandarsa ya fita ta inda ya shigo.

Luba ce ta yi wa Inna wanka, aka kai ta kafin magariba. Ba a yi addu'ar uku ba sai ga labari: an ga Surajo a gonar bakin gulbi da wasu baƙi, suna yawo da na'urar neman zinari tana ƙara. Luba ta je da ƙafarta ta gani. Karan dawa na nan tsaye ba a ko sare ba, amma a tsakiya an haƙa rami ya kai ƙugun mutum, jar ƙasa jibge a gefe.

Daga nan gidan Liman Abdulƙadir ta wuce. Ta durƙusa a bakin zaure ta faɗa masa duk yadda aka yi. Liman ya daɗe yana jan carbi.

"Gonar ba ta kai sulusin abin da ta bari ba," ya ce, "don haka wasiyya ta halatta, ko magaji bai so ba. Amma da baki anka yi ta, sai an tabbatar da baki. Alhamis bayan azahar za mu raba gado a nan. Ki zo da Saudatu. Haris kuma ya zo ya hwaɗa da bakinshi."

"Allah gafarta Malam, Haris ya shigo gari? Gaban mutane?"

"Ban ce ki kawo shi ba, Luba. Na hwaɗa miki abin da shari'a ka so ne kawai."

Saudatu tana tankaɗe Luba ta same ta. Ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Ni kam barci nika ji rannan. Ban riƙe komi ba."

"Ke da kinka gyara mata matashi tana magana?"

"Luba, maigidana ramin zinarin Surajo shika aiki. Bakuna bakwai gidan nan. Ke gwauruwa ta, ba ki da mai hana ki."

Washegari da hantsi Surajo ya yi sallama a gidan Luba, abin da bai yi ba tun yana saurayi. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya yi mata godiyar ɗawainiyar da ta yi da mahaifiyarsa. Har da ƙullin goro ya kawo.

"Yaya Luba, an ce kina da magana."

"Ba tawa ba ce, ta Inna ta."

"Inna zazzaɓi ya ci ƙarhinta, mi za ta sani?" Ya juya makullin babur a hannunsa. "Ni tsoro nika ji miki. Kin san yanzu duk wanda anka gani hanyar ruga, sunan da aka ba shi. Cewa za a yi shi ka kai ma 'yan bindiga labari. Kin ga yadda anka yi da mai gyaran rediyon nan bara. Ni kuma ba ni iya tsare bakin mutane."

Ya tashi, ya bar goron a kan tabarma.

Luba ta yini tana kai da kawo a tsakar gida. Ta san abin da aka yi wa mai gyaran rediyo, ta ga jinin a bakin kasuwa. Amma duk sanda ta ɗaga ido sai ta ga katangar nan. Ranar Laraba da sassafe ta ɗauki gatari da igiya kamar mai zuwa itace, ta bi hanyar arewa.

Tafiyar ba ta kai awa biyu ba. Rugar da ta sani da bukkoki fiye da ashirin, saura huɗu. Karnuka suka taso mata, matar Haris ta tsawata musu, ta tsaya tana kallon gatarin har sai da Luba ta jefar da shi ƙasa. Haris yana gindin wani marke yana tufka igiya.

"A'a, Luba! Ke da kike cewa nonon da matata ka saidawa rabi ruwa na, yau ke ce har gida?"

"Har yanzu ban janye ba, Malam Haris."

Ta zauna ta yi masa gaisuwar Inna, sannan ta faɗa masa abin da ya kawo ta. Ba ta ɓoye masa komai ba, har zuwan Surajo da janyewar Saudatu. Matar Haris ta fara magana da Fillanci da sauri. Luba ba ta jin yaren sosai, amma ta gane kalmar a'a, ta kuma gane sunayen 'ya'yansu da matar ke jerowa. Haris ya ci gaba da tufkarsa.

"Shekara talatin shanunta na hannuna," ya ce daga baya. "Ba ta taɓa cewa in ƙirga mata su ba. Yaushe anka ce?"

"Gobe bayan azahar. Ka biyo ta baya, in tsaya maka wurin danga."

"Mai shaida ba ya biyowa ta danga. In na shigo a ɓoye, cewa za su yi leƙen asiri na zo."

Ranar Alhamis zauren Liman ya cika. Mata suna daga ciki bayan asabari, Saudatu can ƙurya, ta ce rakiya kawai ta zo. Surajo yana gaba cikin farar shadda. An fara lissafa gida da gonaki ke nan sai hayaniyar waje ta ɗauke ɗif. Luba ta leƙa ta tsakanin asabari.

Haris ne tafe a tsakiyar hanya, ba sanda, ba hula, hannuwansa a buɗe a gefensa. 'Yan sa-kai huɗu suna biye da shi da bindigogi a kafaɗa, ba su taɓa shi ba, ba su kuma bar shi ba. Masu shaguna duk sun miƙe tsaye. Ya tuɓe takalmansa a ƙofar zaure, ya jera su, ya yi sallama.

Liman ya tambaye shi. Ya faɗi maganar Inna yadda ta fito daga bakinta, har da "kada a tona ta". Luba ta faɗi tata daga bayan asabari.

"Namiji guda, mace guda," in ji Surajo. "Ba ta cika ba, Allah gafarta Malam."

Liman ya ce, "Akwai wata?"

Ba wanda ya motsa. Luba ba ta waiwaya ba. Tana jin numfashin Saudatu a bayanta, tana kallon ƙafafun Haris da suka yi fari fat da ƙurar hanya.

"Ina nan," in ji Saudatu, da wata murya kamar ba tata ba. "Ni na gyara mata matashi. Haka ta ce."

Liman ya sa aka rubuta. Surajo bai yi gardama ba. Ya ce, "Allah ya ji ƙan Inna," ya tashi ya fita tun ba a shafa fatiha ba. Luba ta hango shi a gindin dalbejiya yana magana da ɗaya daga cikin masu bindigar, kansu a haɗe.

Liman ma ya gani. Ya ce, "Haris, ka kwana nan gidana. Gobe in sa a raka ka."

"Na gode, Malam. Shanu ba su sha ruwa ba."

Ya sa takalmansa. Da zai wuce ya ɗan tsaya daidai asabarin. "Luba, ki ce ma matan nan su sa gero can tudu, dawa ƙasa-ƙasa. Haka Inna ka yi." Ya bi hanyar arewa. Luba ta tsaya a ƙofa har ya shige cikin karan gonaki. Ta kasa kunne har la'asar, ba ta ji ƙarar bindiga ba.

Bayan kwana uku masu itace suka dawo da labari. Rugar ba kowa. Tukunya na kan murhu da sauran tuwo a ciki. Shanun Inna biyar suna ɗaure a gindin marke, an tara musu harawa a gaba.

"To ya isa gida ke nan," in ji Luba. "Shi ya ɗaure su."

"Ko matarshi," in ji Saudatu, wadda tun ranar Juma'a aka sallami mijinta daga rami.

Wasu suka ce an ga iyalin wajen Gummi suna tafiya yamma. Wasu in Luba ta tambaye su sai su tuna suna da wani aiki. Surajo yana gaishe ta in sun haɗu, har da rusunawa.

Matan ƙungiya suka cike ramin da hannuwansu, damina ta zo aka shuka gero a tudu. Yanzu da shi ake dama kokon rumfa, kuma Luba ce ke damawa. Daga gidanta zuwa bayan masallaci ba nisa, amma ba ta bin nan. Kullum da safe, da roba a ka, sai ta zagaya ta bakin hanyar arewa, ta tsaya ta duba ƙasa tun babura ba su tattake ta ba, ko za ta ga sawun shanun su Haris. Ta ɗan jima tana dubawa, sannan ta gyara gammo ta wuce, kada kokon ya huce.