Menun da Ya Ƙi Fitowa

A ofishinmu ba a tambayar inda abu yake. Ba wanda ya rubuta wannan doka, amma kowa ya san ta. Idan ka tambayi inda wani maɓalli yake a cikin manhajar da muke rubuta kod, wato umarnin kwamfuta, da ita, sai a dube ka kamar ka nemi a nuna maka ƙofar gidanku. Ni kuwa da na fito jami'a a saman ajinmu, ko babu wannan doka ba zan tambaya ba.

Teburina yana bakin taga, kusa da firinta. A hannun damana Dogo yake zama, wanda ya fi kowa daɗewa a wurin. Ba ya taɓa linzamin kwamfuta. Yatsunsa na kan madannai kawai, tagogin allo suna buɗewa suna rufewa kamar tsoronsa suke ji. Shi ya sa mini suna 'Yar Digiri tun ranar da na zo, sunan kuma ya bi ni.

Aikin farko da aka ba ni ƙarami ne. Kamfaninmu yana yi wa kantunan magani manhaja, sai ranar lalacewar magani take fitowa a juye, wata kafin rana. Na gano wurin, na gyara 'yan layuka, na adana, na tura. Tsarin aikinmu shi ne duk gyaran da mutum ya yi sai wani ya duba kafin a karɓa. Layin da aka cire yana fitowa ja a allo, wanda aka ƙara kuma kore. Dogo ya buɗe nawa, sannan ya juyo da kujerarsa.

"'Yar Digiri, kwanan wata aka ce ki gyara ko fenti aka ce ki yi wa fayil ɗin?"

Na leƙa allonsa. Daga sama har ƙasa ja ne da kore, ba layin da ya tsira. Ashe duk lokacin da na adana fayil, manhajar tawa tana sake jera tazarar farkon kowane layi yadda ta ga dama, ba yadda kamfani ke jerawa ba. A ido ba bambanci, amma a wurin na'urar da ke kwatantawa, na canza komai. Gyarana na gaskiya ya nutse a ciki.

Shugabar sashenmu mace ce mai magana ƙasa-ƙasa. Ta zo ta tsaya a bayanmu ta duba.

"Wannan ba mai iya duba shi," in ji ta. "Idan watan gwajinki ya ƙare aikinki yana zuwa haka, zan mayar da ke teburin amsa wayar kwastomomi. Can ma aiki ne."

Na ce, "Ba waya na karanta ba, ranki ya daɗe."

"To ki gyara."

Dogo ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Saitin aiki ne. Yana cikin menu." Iyakar taimakon da na samu ke nan, ban kuma nemi ƙari ba.

Na shiga menu, wato jerin zaɓuɓɓukan da ke saman allo. Na fara daga na farko a hagu, na bi kowane layi, duk mai 'yar kibiya a gefe na tsaya a kansa har ya haifi wani. Na sami saitin launi, saitin girman rubutu, saitin ƙarar da manhaja ke yi idan ta gama aiki. Na sami babban saiti na kwamfutar gaba ɗaya, na canza tazarar a can, na yi murna. Da na tura, jan ya ragu amma bai tafi ba, domin kamfani yana da ƙa'ida dabam ga kowane irin fayil, ni kuma canki-canki nake yi. Abin da ake kira saitin aiki kuwa, ko inuwarsa ban gani ba. Na rubuta sunansa a akwatin bincike, manhaja ta ce babu.

Sai na koma wa hanyar wahala. Kullum in na gama gyara, sai in buɗe fayil ɗin a wani ƙaramin allon rubutu da ba ya taɓa komai, in sake shigar da gyaran da hannu, harafi bayan harafi. Aikin da ya kamata ya ci mini safiya sai ya kai ni la'asar. Wani lokaci in manta in danna adana a babbar manhajar, komai ya sake rinewa, in fara daga farko. Dogo yakan ce, "Yau kore muke sa rai ko ja?" Sai in ce, "Wanda idonka ya fi so." Ban taɓa bari ya ga ɓacin rai a fuskata ba.

A gida Mama ta lura. Tana ninke wanki a kan gado, ina zaune a ƙasa ina murza wuyan hannuna.

"Wai me kike nema a cikin injin nan da ya hana ki walwala?"

Na yi mata bayani iya yadda zan iya.

"Shi dogon nan ya san inda yake?"

"Ya sani."

"To bakinki ciwo yake yi?"

"Mama, in na tambaya yau, shekara goma ana ba da labarina."

Ta miƙo mini zanin gado muka kama bakinsa biyu. "Taurin kan ubanki kika ɗauko, ba ki bar masa ko kaɗan ba. Ja sosai, kada ya karkace."

Watan yana neman ƙarewa, wata rana da azahar Dogo ya fita cin abinci ya bar allonsa a kunne. Na tashi ɗaukar takarda a firinta, idona ya faɗa kan allon. Ban taɓa masa komai ba, kallo kawai na yi. Manhajar iri ɗaya ce da tawa, menu iri ɗaya a jere a sama. Amma a gefen hagu, inda ake ganin foldoji kamar reshen bishiya, nasa ya fara daga wata folda mai sunan aikin gaba ɗaya. Foldar da nake buɗewa kullum tana can ƙasa a cikinta, ɗiya ce kawai a cikin 'ya'ya.

Na koma kujerata. Tun ranar farko akwai wata alama a fuskar kwamfutata da nake dannawa ta buɗe mini aiki, ban taɓa tambayar kaina inda take kai ni ba. Na rufe komai, na shiga menu na farko, na zaɓi buɗe folda, na hau sama mataki ɗaya, na buɗe uwar. Manhaja ta yi ɗan nazari, wani siririn layi ya yi ta tafiya a ƙasan allo. Da ya tsaya na sake buɗe menu ɗin da na haddace kamar karatun firamare. Ga sabon layi nan a tsakiya, zaune abinsa: saitin aiki. Ba ya fitowa sai an buɗe aikin daga tushensa, domin a can fayil ɗin ƙa'idodin yake. Na shiga na ga komai a shirye, tazarar kowane irin fayil, ba abin da zan canza.

Na zauna na dube shi na ɗan lokaci. Sannan na ɗauko gyaran da ke hannuna, na yi shi a babbar manhajar, na danna adana da ƙarfi, na tura.

Dogo ya dawo yana goge hannu da hankici. Ya buɗe, ya matso da fuskarsa kusa da allo. 'Yan layuka kore ne kawai, sauran fari tas.

"A'a! Yau 'Yar Digiri ta sami menu."

"Ka ce yana cikin menu. Ba ya cikin nawa."

"Menu ai menu ne."

"Zo ka gani."

Ya turo kujerarsa. Na rufe aikin, na danna tsohuwar alamar, na buɗe masa menu. Ya bi shi da ido sama da ƙasa, ya karɓi madannan ya buga 'yan dabarunsa, ba abin da ya fito.

"Wane mai hankalin ne ya ɗaura miki wannan a kan ƙaramar folda?"

"Kai ka haɗa mini kwamfutar ranar da na zo."

Na bayanmu suka fashe da dariya. Dogo ya sosa ƙeya ya ce sauri yake yi a ranar, kuma ai da na yi magana. Na ce ai da ya duba. Ya koma teburinsa yana gunaguni, ya ci gaba da karanta gyaran. Can sai ya ɗaga yatsa.

"To ga magana. Wannan layin naki, idan kanti bai shigar da kwanan wata ba fa? Zai faɗi."

"Ba zai faɗi ba. Duba sama kaɗan, na tare shi."

"Kin tare fanko, ba ki tare sifili ba."

"Sifili ba ya isowa nan."

"In ji wa?"

Na jawo kujerata zuwa teburinsa, muka duƙufa a kan layin, yana nunawa ina nunawa. Shugaba ta zo wucewa da kofin shayi, ta tsaya ta karanta allon ta saman kawunanmu.

"Idan kun gama musun, ku karɓi gyaran," ta ce. "Ke kuma akwai matsala a sashen lissafin kaya, gobe naki ne. Ya fi wannan wuya."

Na ce to. Dogo ya ce har yanzu bai yarda da maganar sifilin ba, na ce ya kawo gwaji mu gani.