Inda Zaizayar Ta Fara

Aikina duba bututun ƙazanta ne. Ina zura kyamara mai doguwar waya ta bakin rami, in zauna gaban ɗan allo ina kallon abin da mutane suka tura ƙarƙashin ƙasa suka manta. Babu unguwar da ban duba ba, amma ban taɓa cin wuya irin ta ranar da Umma ta kira ni layinmu ba.

Ƙasa ce ta rufta a tsakiyar layin, ruwa mai wari ya kwanta a ƙofar gidajen mutane. Kafin in iso har an yanke hukunci: laifin mai abincin farkon layi ne. Umma ce kan gaba, wai matar ƙazama ce, kullum man suya take tuttulawa a magudana. Mai shagon da take haya ya ce in ta tabbata ita ce, ta kwashe tukwanenta ta ba shi wuri. Matar kuwa da shagon nan take riƙe 'ya'yanta, ba ta da wata hanya.

Na roƙi Umma ta bari in duba ni kaɗai, in kawo bayani daga baya. Ina! Sai da ta tara layin kaf, ta sa aka fito mata da kujera, ta dasa ta a gefen allona kamar mai jiran a fara wasan ƙwallo. Tela na numfashi a wuyana, mai aski na nuna min yadda ake riƙe waya. Raina ya ɓaci tun ban fara ba.

Na shigar da kyamarar ta ramin ƙofar mai abinci. Ga maiƙo nan kuwa, fari, ya daskare a jikin bututun. Umma ta tafa hannu, ta ce ai dama ta faɗa. Na ce a yi haƙuri a saurare ni: maiƙo toshewa yake yi, ba ya cin siminti, kuma ga simintin nan lafiyarsa ƙalau. Ba wanda ya ji daɗin wannan magana. Tela har da tambayata ko na goge gilashin kyamarar.

Na ci gaba da turawa. Gidan mai aski lafiya, gidan tela lafiya. Can sai ƙasan bututun ya fara canzawa. Simintin ya zaizaye ya zama kwari, tsakuwa a waje, ƙarafan ciki sun yi ja da tsatsa, haka har zuwa inda ya rufta. In iskar ƙazanta ce ta ci bututu, daga sama take ci. In ƙasan ne ya cinye, to wani ne ke zuba abu mai ƙarfi, kuma ya daɗe yana zubawa. Zaizayar daga bakin wani ɗan bututu ta fara, shi kuwa na san daga gidan da ya fito.

Banɗakin Umma babu irinsa a layin nan, sai ƙyalli yake. Tun ina yaro take wanke shi da abin da take kira maganin Kawu, wanda ƙanenta ke kawo mata a jarka. Sai a lokacin kaina ya kawo wuta: Kawu ba mai sayar da magani ba ne, gyaran batirin mota yake yi.

Na fara janyo wayar a hankali, ina ƙunƙunin cewa caji ya kusa ƙarewa. Da na ɗaga kai sai na ga mai abinci a bayan taron, hannayenta cikin ɗaurin gabanta, ni kaɗai take kallo. Hannuna ya tsaya.

Umma ta ce, "Mai da shi baya. Bakin wane gida ne wannan?"

"Namu ne, Umma."

"Me ya ci shi?"

"Maganin Kawu. Ruwan batir ne."

Tela ya tuna ya bar dutsen guga a kunne. Umma ta daɗe tana kallon allon, sannan ta miƙe, ta ce wa mai shagon kada ya kuskura ya taɓa matar nan. Daga nan ta juyo kaina. Wai an sha wahala an tura ni makaranta, ina yawon gyara bututun mutanen gari, amma na gidanmu ya gagare ni. Wai ni na ja mata wannan abin kunya. Ni! Na naɗe wayata ina tafasa.

Da la'asar ina shirin tafiya ta kira ni ɗaki. Ta ce in je in sayo mata abinci a wurin matar, abin da ba ta taɓa yi ba tunda aka buɗe shagon.

"Kuma kada ka ce ni na aike ka."

Sai ta miƙo min babban kwanonta mai murfi, wanda take goge shi har mutum ya ga fuskarsa a ciki. Duk layin babu wanda bai san kwanon nan ba.